Wi-Fi Ɗin Gidanku Yana Yankewa? Ku Duba Katanga Kafin Ku Sake Sayen Data

 Wannan rubutaccen shirinmu ne na wannan makon, mun buga shi saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari muryar ba.

Yau maganar rauta za mu yi, wato akwatin nan na Wi-Fi da ake sa wa layi a ajiye a gida, shi da ƙaninsa MiFi na aljihu. Wani zai ce me ya haɗa mai fafutukar matasa da rauta? To, tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data ta koma kamar fetur. Ɗalibin ABU da ke tura aiki daga Kwarbai, da ƙanwarmu mai neman gurbi a Nuhu Bamalli, da yayarmu mai sayar da atamfa a WhatsApp daga cikin ɗaki, duk da ita suke neman na kansu. Ka sayi data ta wata guda, shafi ya tsaya yana juyawa har a rufe karɓar takardu, wannan asara ce ta gaske.

Na shiga gidajen 'yan uwa da abokai da dama a cikin birni don duba wannan matsala, kuma kusan kullum kalma ɗaya nake ji: "Netwok ne." Wani lokacin netwok ɗin ne. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ku riƙe wannan: tafiya biyu intanet yake yi kafin ya iso hannunka. Ta farko daga ƙarfen sabis zuwa rauta. Ta biyu daga rauta zuwa wayarka. Kowace da ciwonta, kowace da maganinta. Gwajin kuma kyauta ne. Je ka tsaya dab da rautar ka buɗe bidiyo. In ya tafi lafiya lau a nan, ka koma ɗakinka ya tsaya, to matsalar a cikin gidanku take. In ko a gabanta ma bai motsa ba, sai mu waiwayi waje.

Mu fara da cikin gida, don a nan Zariya ta bambanta da wasu wurare. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya san me ake nufi da ginin ƙasa na Zazzau. Gidajenmu na gado ma haka suke, katanga mai kauri, ga zaure, ga shigifa, ga lungu kafin a kai tsakar gida. Kaurin nan shi ke ba mu sanyi a watan Afrilu, shi ne kuma ke shanye siginar Wi-Fi. Da damina in ƙasa ta sha ruwa abin ya fi muni, don ruwa na cinye irin wannan sigina. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa su kuma mayar da ita baya suke yi. Sabon gini na siminti da rodi ma bai tsira ba.

Saboda haka inda ka ajiye rauta ya fi kuɗin da ka saye ta muhimmanci. Kar ta zauna a ƙasa, ko bayan talabijin, ko cikin durowa don tsoron yara. A ɗaga ta sama da kan mutum, a kafa mata ƙusa ko ɗan katako, kusa da taga ko ƙofar da ke kallon tsakar gida. Sigina ta fi son ta bi sarari ta shiga ta ƙofa a kan ta huda bango.

Nan kuma ina da magana da samari. A gidaje da yawa rauta a zaure take ko a ɗakin samari na bakin ƙofa, mata kuma suna can ciki, bango uku ko huɗu tsakaninsu da ita. An haɗa kuɗin data da su, amma sai sun fito tsakar gida cikin rana suna ɗaga waya sama. Wallahi ba adalci ba ne. A matso da ita tsakiya. In gidan ya yi girma, a ja waya daga rautar zuwa wata ƙarama a sashen ciki. Waya ba ruwanta da kaurin bango.

Sai maganar 2.4 da 5. Wasu rautoci suna nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Yawanci wannan 5GHz yake nufi, ba 5G na kamfanin sadarwa ba. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, bango ɗaya mai kauri ya ishe shi. Na 2.4 ya fi jure bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, don shi Bluetooth ke bi, shi hotspot ɗin wayoyi da yawa ke bi, shi rautar maƙwabta ke bi. A unguwa kamar Limancin Kona ko Anguwan Juma, inda gida ke jingine da gida, kamar mutum goma ne ke magana lokaci guda a ɗaki ɗaya. In kana kusa, hau 5. In kana nesa, hau 2.4.

Akwai kuma gyaran cunkoson. Juya rautar, za ka ga adireshi a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, shiga saitin Wi-Fi, ka nemi inda ake zaɓar tasha. A 2.4 tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a wadda ta fi.

Tun da ka shiga, duba wayoyi nawa ne a kai. Yanzu wanda ka ba kalmar sirri yana iya nuna wa wani lambar QR, shi ma ya hau ba tare da ya tambaye ka ba. Ka ba mutum biyu, ka tarar da rabin majalisa. Canza kalmar, ka canza ta shiga saitin ma. Taimakon maƙwabci abu ne mai kyau, amma a yi shi da sani.

Na gaba wuta da zafi. In wuta ta zo ba ƙarfi, ko janareto yana hawa da sauka, rauta kan mutu ta tashi da kanta, kai kuma ka ɗauka sabis ne ya ɗauke. Yawancinsu 12V suke sha, kuma akwai ƙaramin batir da ake haɗa musu ya riƙe su in an ɗauke wuta. Duba abin da aka rubuta a jikin taka kafin ka saya. Kar a rufe ta da ƙyalle, kar a bar ta inda rana ke duka, a riƙa kaɗe mata ƙurar hunturu. MiFi kuwa in batirinsa ya kumbura, a daina amfani da shi nan take, yana iya kamawa da wuta.

To in a gaban rautar ma babu labari fa? Gwada da asuba, ka sake gwadawa bayan isha'i. In da asuba yana gudu, da dare yana rarrafe, jama'a ne suka yi wa ƙarfen sabis yawa, kuma ba saitin da zai gyara wannan. A shafin saitin nan akwai lamba mai suna RSRP. In tana wajen -80 zuwa -90, kana da kyau. In ta kai -110, sabis da ƙyar yake iso ka. Zaga da rautar taga-taga kana kallon lambar. Kuma layin da ke tashi a Ƙofar Doka ba lallai ya tashi a Ƙofar Gayan ba. Kafin ka sayi data ta wata, gwada MTN, Airtel da Glo da ƙaramar data, a cikin ɗakinka, ba a shagon mai sayarwa ba.

Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin Zariya baki ɗaya. Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga wahala. Irin wannan rana ko ka kashe rauta sau ɗari ba abin da zai canza.

In ka yi duk gwajin nan ka tabbata laifin kamfani ne, kar ka tsaya zagi a majalisa. Kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye. In ba su gyara ba, kira NCC a 622, kyauta ne. Ku haɗu ku goma a unguwa ku kira, kowa da ranar da sa'ar da abin ya faru. Kuɗinku ne, haƙƙinku ne.

Aikin wannan makon: kowa ya ɗaga rautar gidansu, ya je ɗaki mafi nisa ya gwada, sannan ya rubuto mana unguwarsu da layin da ya fi tashi a can, don na baya su san abin da za su saya. Ku tura wa wanda kuka san yana fama.