Jawabin Shugaban Taro a Wajen Ƙaddamar da Littattafan Yara Masu Zane a Zariya

 

Mai girma wakilin Gwamna, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, iyayenmu hakimai da dagatai, uban taro da uwar taro, babban mai ƙaddamarwa da masu taya shi, mai sharhin littattafai, shehunan malamai daga jami'a, shugabannin makarantu da malamai, marubuta da masu maɗaba'a, 'yan jarida, jami'an tsaro, iyaye mata, 'ya'yanmu da jikokinmu 'yan makaranta, waɗanda dominsu aka taru, sauran jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah. Wanda ban kira muƙaminsa ba ya yi haƙuri. Yaran ofishina sun rubuto mini shafi biyu na gaisuwa kawai, in na bi su duka sai a kira la'asar ba mu buɗe littafi ba.

Yabon gwani ya zama dole. Waɗannan matasa masu zane, maza da mata, ba albashin kowa suke ci ba, kowa da ƙwadagonsa yake rayuwa. Duk da haka sun haɗa kai sun fito da littattafan da ke gabanmu, sun zagaya makarantun firamare suna koya wa yara riƙon fensir, sun shirya baje kolin zane-zanensu, sun yi wa asibitoci hotunan faɗakarwa kan rigakafi, sun kuma mayar da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kan takarda cikin launi mai ɗaukar ido. Allah ya yi muku albarka.

Kuma an yi dace da gari. Labarin Zariya da littafi kowa a nan ya san shi: gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja, Magana Jari Ce daga 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta NORLA, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. A garin nan ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suna ɗalibai, kafin kwalejinsu ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma biyun farko daga baya sun yi wa littattafan Chinua Achebe zane. Tun kafin boko ma muna da masu zayyana, waɗanda allon sauka ba ya cika sai ya bi ta hannunsu.

To, a nan zan ajiye takardar da aka rubuto mini.

Ina da tambaya ga masu furfura irina. Wa ya manta hotunan da ke cikin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu? Wa ya manta akun nan na Magana Jari Ce? Babu. To, wanda zai iya faɗa mini sunan wanda ya zana su, ya ɗaga hannu. Farfesa, ban da kai, kai sana'arka ce. Kun gani? Hoto ya zauna a kanmu shekara sittin, mai hoton kuwa ko sau ɗaya ba mu tambaya ba.

Ni kaina ina cikin masu laifi. Shekarun baya na rubuta ɗan littafin yara, wani saurayi ya yi mini zanen. Da littafin ya fito daga wata maɗaba'a, sunana na nan a bango ɓaro-ɓaro, sunan wanda ya yi mini gabatarwa na nan, har wanda ya buga a kwamfuta an gode masa. Yaron ya karɓi kofinsa, ya juya gaba, ya juya baya, ya ce, "Baba, ya yi kyau." Sai da ya fita na gane abin da yake nema. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Jama'a, littafin yaro hannu biyu ke rubuta shi. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba hoto yake karantawa. Na kai wa jikata ɗaya daga cikin littattafan nan, shekarunta ba su kai biyar ba. Ni ina bin rubutu, ita tana nuna mini wani ƙadangare da ke laɓe a kowane shafi, yau a bayan randa, gobe a kan danga, can kuma yana leƙen tsakin da kaza ke tsattsaga a gindin turmi. Marubucin bai rubuta ƙadangare ba ko sau ɗaya. Yarinyar da ta zana ce ta sa shi, kuma saboda shi jikata take sake ɗauko littafin kullum bayan magariba.

Kun san yadda ake samun ƙadangaren nan? Irin wannan littafi yawanci shafi 32 ne, domin haka takardar maɗaba'a take naɗuwa, takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Kowane shafi sai an zana shi da fensir, a kai wa marubuci, ya ce hular ta yi tsawo, a sake. Kamannin yaron da ke shafin farko dole su zama su ne a shafin ƙarshe, ko yana kuka ko yana gudu. Mai zanen za ta je kasuwa ta zauna tana kallon yadda jaki yake tsayuwa da mangala. Ta dawo ba wuta, ta kai na'urarta shagon caji, ta raba dare tana jiran NEPA. Wata biyu, wata uku. Ran da ta kai aiki sai a ce, "Ai zane ne kawai," ko "Za ki ji alat," ko a sallame ta da "Allah ya saka da alheri." Addu'a muna so, amma mai shago ba ya ba da data da ita. Takarda kuwa, tun da masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka durƙushe, yawancinta daga waje ake sayowa da dala, kuma duk mawallafin da kuɗin takarda ya matsa, kason mai zane yake fara yankewa.

Yanzu kuma an samo sabuwar kishiya. Wasu sun ce me ya sa za su biya mutum, ga kwamfuta tana zana hoto a minti ɗaya. Na ga irinsu. An ce ta zana Bahaushe, ta naɗa masa rawanin Indiya, ta ba shi yatsu shida, ta tsayar da shi a gaban gidan da ba a taɓa ginawa a ƙasar nan ba. Ku a baya can, dariya kuke yi, amma yaranmu ake ba wa wannan a matsayin kamanninsu.

A Amurka tun 1938 ake ba da lambar Caldecott, kuma mai zanen ake miƙa wa, ba marubucin ba. A can kason da littafi ke kawowa sau da yawa raba shi ake yi biyu tsakaninsu. Mu ma ba a bar mu ba doka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai aikin fasaha 'yancin a ambaci sunansa, ta kuma ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka 'ya'yana masu zane, ku ma ga naku faɗan: ku daina fara aiki ba kafin alƙalami, ku daina yarda da "ai mu 'yan uwa ne" a maimakon takarda, kuma in kun ce Asabar, to ya zama Asabar. An kawo mini ƙarar wasunku.

Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, saƙona ɗaya ne, a isar mana. Duk littafin da gwamnati za ta saya wa makarantun firamare, a sa sharaɗin sai da sunan mai zane a bango, da shaidar an biya shi. Wannan ba ya bukatar ƙarin kasafi, sa hannu kawai yake bukata.

Alhaji babban mai ƙaddamarwa, na ga tun ɗazu kana shafa aljihu, kada in tsare ka. Roƙona gare ka da duk mai ba da gudummawa shi ne a bayar yau, a nan, ba alƙawarin da za a yi ta sintiri a kansa ba. Kuma kafin a kira adadi, mai gabatarwa ya kira masu zanen nan ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, su hau nan sama jama'a su gan su.