Sabon Jirgi, Tsohon Hannu



Lasisin tuƙi ba ya ba mutum damar hawa kowane jirgi. Kowane nau'in babban jirgin fasinja da nasa izinin da ake rubutawa a lasisi. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin a kan Boeing, ranar da aka ce ya koma Airbus, aji zai koma. Ya yi makonni yana karatun na'urori, ya shiga simileta, ɗakin nan na kwaikwayon tuƙi, a kashe masa inji, a tayar masa da gobara, sannan ya fara ɗaukar fasinja da malami a gefensa.

Karatun ba ya ba ni tsoro, duk mai himma zai ci. Sabo nake tsoro, wanda Bahaushe ya kira turken wawa, ga shi a sama yana ɗaure har masu ilimi.

Ranar 8 ga Janairu 1989, wani Boeing 737-400 na British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfast. Farfelar injin hagu ta karye, jirgi ya kama jijjiga, hayaƙi ya shigo. A tsofaffin 737, iskar da ake hura wa fasinja galibi daga injin dama take fitowa, don haka kyaftin ya ɗora laifi a kan na dama. A sabon samfurin kuwa, daga duka biyun take. Suka kashe lafiyayyen inji, jijjigar ta lafa, suka ɗauka sun dace. Da suka zo sauka suka ƙara wuta, sai na hagun ya mutu, jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da Kegworth. Mutum 47 suka rasu. Ku lura, matuƙan nan ba jahilai ba ne. Abin da suka sani gaskiya ne, amma gaskiyar wani jirgin ce daban.

Bayan kusan shekara 30, an mayar da matuƙa kan 737 MAX da ɗan gajeren darasi a kwamfuta, ba a sanar da su na'urar MCAS mai danna hancin jirgi ƙasa ba. Hatsarin Lion Air na 2018 da na Ethiopian na 2019 sun ci rayuka 346. Wannan kam ba sakacin ɗalibi ba ne, kuma har yau abin na ci mini rai.

To, ku da ke shirin komawa sabon jirgi, kada ku jira ranar shiga aji. Ku haddace iyakokin gudu da nauyi, da matakan gaggawa waɗanda ba a jiran buɗe kundi. Ku manna hoton ɗakin tuƙi a bango, ku zauna kan kujera kuna kai hannu ga kowane makunni har ya san hanya. Sannan ku ɗauki takarda, duk abin da kuka karanta ku tambayi kanku: a tsohon jirgina haka ne, a wannan fa? Wanda ya baro Boeing ya saba ganin hannun maƙura na motsi da kansa, ya saba jin sitiyarinsa na bin na abokin tuƙinsa. A Airbus A320, hannun maƙura yana tsaye inda aka ajiye shi, sandar gefe kuma ba ta gaya maka abin da na kusa da kai yake yi. Sai ka duba allo, sai kuma ka buɗe baki ka ce: jirgi na hannuna.