Wane Harshen Kwamfuta Ya Dace da Mutanenmu?



An daɗe ana gardama tsakanin masu rubuta manhaja a kan harshen da ya fi kyau. Wasu sun riƙe Kotlin, wanda kamfanin Google ya amince da shi don wayoyin Android a 2017. Wasu kuwa sun ce sai Swift, wanda Apple ya fito da shi a 2014 don nasa wayoyin. Akwai kuma masu cewa a rubuta sau ɗaya ta yi aiki a wayoyin biyu, wato ta hanyar React Native, da Facebook ya saki a 2015, ko Flutter na Google, mai amfani da harshen Dart, wanda ya kammalu a 2018.

Kowace hanya da ribarta da hasararta. Wanda ya rubuta wa kowace waya tata manhaja zai sami sauri da rashin nauyi, amma aiki biyu ke gabansa, kuɗi ma biyu. Wanda ya rubuta sau ɗaya ya rage wahala, sai dai manhajar takan yi nauyi, ta cinye wuri a ƙaramar waya.

To, mu 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum, ina muka dosa? Tilas mu fara duba wayar da ke hannun jama'armu. Galibi Android ce mai araha, cajinta ma sai an biya a kasuwa. Mu kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara saboda rashin tsaro, aka yi makonni shiru. A kwanakin nan, duk manhajar da ba ta motsi sai da intanet ta zama hoto, komai darajar harshen da aka rubuta ta da shi.

Wannan magana ta shafi rayuka. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, akasarinsu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ma'aikacin lafiyar da ke bin irin waɗannan yara ƙauye-ƙauye yana bukatar abin da zai adana sakamakon gwajin jini cikin wayarsa, ya aika in ya sami layi. Manhajar ODK, wadda aka fara a 2008, haka take aiki.

Saboda haka shawararmu uku ce. Mu fara da Android, ko da Kotlin ko da Flutter. Mu gwada aikinmu a kan waya mafi rauni, bayan mun kashe intanet. Sannan mu tabbata ɓ da ɗ da ƙ sun fito sosai, don kada a rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa".

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan aka yi hutu, kowa ya tafi da aikinsa gida, ya miƙa wa malamin asibitin garinsu, ya zauna ya ga inda zai tsaya masa.

Allah ya sa mu amfani jama'armu, amin.