Amsar Wasiƙar Miga: Yaro Ya Zama Likita, Me Kuma Zai Koma Nema?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomin shinkafa a Miga. Ya ce ɗansa ya gama karatun likita har ya yi hidimar ƙasa, ana murna wahala ta ƙare, sai yaron ya ce shi zai koma ya ƙware a kan ido, musamman wani tantani da ke can cikinsa, daga nan ya zama malamin jami'a mai bincike. Dattijon yana tambaya: ya yarje masa, ko kuwa ya tsare shi ya kama aiki ya taimaki ƙannensa?

To Baba, mun ji kukanku. Bari mu fara da lissafin shekaru, don kada a yi muku rufa-rufa. Karatun likita shekara 6 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai 1 ta hidimar ƙasa. Waɗannan yaronku ya wuce su. Ƙwarewa a kan ido za ta ci kamar shekara 5 zuwa 6 a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da jarrabawa masu zafi waɗanda ba kowa ke haye su a karo ɗaya ba. Shi kuma wannan tantani sai an ƙara masa shekara ɗaya ko biyu. Amma ku lura, wannan ba zaman aji ba ne irin na da. Aiki yake yi yana duba marasa lafiya, ana biyansa albashi. Ba za ku sake sayar da buhu don kuɗin makaranta ba. Sai dai mai neman tara dukiya da wuri ba ta nan yake bi ba.

Shi wannan tantani, likitoci na ce masa retina, mu kuma bari mu kira shi tantanin gani. Yana shimfiɗe a bangon ido ta ciki, ba shi da kauri sam, amma yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta masu kama haske su aika wa ƙwaƙwalwa. Wasunsu na aikin rana da rarrabe launi, wasu na aikin duhu. Duk sauran ido hidima yake yi masa. Yanar ido, in an cire ta aka sa gilashin roba a madadinta, gani yakan dawo. Shi kuwa tantanin gani in ya mutu, har yau ba a sami na canji ba. Ciwon suga na cinsa a hankali, hawan jini na taɓa shi, haka ciwon sikila. Abin takaicin, ba ja, ba zafi, ba kwantsa. Ido garau a waje, mutum na cin kasuwarsa, sai wata rana ya kasa bambanta ɗari biyar da ɗari biyu.

Saura batun bincike, wanda na san shi ya fi ɗaure muku kai, domin ba a ganin amfaninsa a aljihu. Kun san dundumi, yaro na gani da rana, magariba na yi sai laluben bango. Iyayenmu sun daɗe suna ba mai dundumi hanta, yana kuma warkewa, ba tare da an san dalili ba. Wani malamin jami'a a Amurka, George Wald, ya shafe shekaru yana nazarin tantanin gani, har ya gano cewa sinadarin da ke kama haske a cikinsa da bitamin A ake gina shi, hanta kuwa maƙil take da shi. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Saboda haka ɗan jan ƙwanso ko shuɗi da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yaranku a baki lokacin rigakafi, yana da alaƙa da irin aikin da ɗanku yake so ya shiga.

Kada ku ce ai wannan Turawa ne. Farfesa Adenike Abiose ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma shugabanci Cibiyar Ido ta Kaduna. Ita da abokan aikinta sun bi ƙauyukan Jihar Kaduna masu fama da makantar da ƙudan rafi ke kawowa, suna leƙa cikin idon mutane shekara bayan shekara. A 1993 suka fitar da sakamako cewa shan maganin Mectizan sau ɗaya a shekara na rage lalacewar jijiyar gani. Kazalika tsakanin 2005 da 2007 an zagaya Nijeriya aka auna idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kusan 4 cikin 100 makafi ne, kuma fiye da 80 cikin 100 na wannan makanta abin da ake iya karewa ne ko a warkar. Cikin masu wannan aiki akwai 'yan Arewa irin su Fatima Kyari da Mansur Rabiu. Binciken ya kuma nuna ɓarnar masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Yawancin waɗanda aka yi wa haka ba su sami ganin kirki ba.

Nawa ra'ayin, Baba, ku sa masa albarka ya tafi. Tun 1943 da aka buɗe Asibitin Ido na ECWA a Kano mutanen ƙasar Dutse ke shiga mota neman maganin ido, kuma ko a cikin likitocin idon ma, masu aikin tantanin gani ƙalilan ne. Ga jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, dole a buƙaci masu koyar da na baya. Amma ku zauna da shi ku yi magana biyu tun yanzu. Ta farko, nawa zai riƙa cirewa daga albashinsa saboda ƙannensa, a yanka adadi, kada a bar shi a “in Allah Ya hore”. Ta biyu, irin wannan ƙwarewa takan kai mutum Indiya ko Ingila, kuma da yawa in sun je ba sa dawowa. Ku tambaye shi gaba da gaba inda yake nufin ya zauna da iliminsa.

Ku kuma sauran masu sauraro, duk mai ciwon suga ya je a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa ciki sau ɗaya a shekara, ko da yana gani tangaran. Wanda kuwa ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun ƙaru farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana saukowa, kada ya jira ranar kasuwa, kada ya sa tozali ko ruwan ganye. Mai yiwuwa tantanin ne ke ɓamɓarewa, wannan kuwa kwanaki ake ƙirga masa. Ya nufi babban asibiti a ranar, ya ce a haɗa shi da likitan ido.