Raguwar Ƙarfin Namiji da Tsufa: Jawabi ga Zumuntar Maza a Karfi

Yau zan taɓo maganar da muke jin nauyin faɗinta, amma mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

A jikin kowane namiji akwai wani sinadari da likitoci ke kira testosteron. 'Ya'yan maraina ne ke samar da shi. Shi ke ba mutum ƙarfin tsoka da na ƙashi, da sha'awar iyali, yana kuma taimakon jiki wajen yin jini. Daga wajen shekara 40 yakan riƙa raguwa da kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan tsufa ne, ba sammu ba.

Amma a wurin waɗansu raguwar takan yi yawa. Mutumin da a da yake yini yana huɗar masara, yanzu kafin hantsi ya gaji. Sha'awa ta ragu, gaba ba ta miƙewa sosai, tumbi ya fito, fushi ya yi kusa. Sai maigida ya yi shiru, uwargida ta ɗauka ya daina ƙaunarta. Ta haka gida yake lalacewa.

Abubuwan da ke ƙara rage shi su ne ƙiba, ciwon sukari, yawan shan burkutu, ƙarancin barci, da ƙwayoyi irin su tramadol da kodin. Ku tuna, a 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Ku kuma sani, raunin gaba yakan zama alamar farko ta ciwon sukari ko ciwon jijiyoyin jini.

Ba a gane wannan matsala da ido. Sai an auna jini da safe, sau biyu a ranaku dabam. Ku fara da Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, a duba sukari da hawan jini. In da bukata, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Shika, kusa da Zariya.

Ina roƙonku, ku guji maganin ƙarfin maza na 'yan talla a kasuwa. Sau da yawa ana cakuɗa shi da ƙwayar bature a ɓoye, kuma yana iya kayar da mai shan maganin zuciya. Allurar testosteron ma ba a yin ta sai da izinin likita, domin tana sa jini ya yi kauri, tana kuma rage haihuwa.

Ku rage ƙiba, ku bar giya, ku sami isasshen barci. Ku zauna da matanku ku gaya masu gaskiya. Iyaye mata kuma, kada ku yi gori. Ku raka su asibiti. Bayan an gama girbi, kowa ya ware kuɗin awo kafin kuɗin hatsi ya ƙare.

Allah ya ba mu lafiya. Amin.