TARON KEƁEWA NA MA'AIKATAN UBANGIJI: HAKKI NE A WUYAN IKILISIYA

 

Maganar da aka ba mu mu yi a yau ita ce taron keɓewa na ma'aikatan Ubangiji, wato 'yan kwanakin da fasto ko mai bishara da matarsa za su ajiye aiki, su tafi wani wuri dabam, su huta, su yi zumunta da abokan aikinsu, su kuma ƙaro sani. Su ma'aikatan sun riga sun san gajiyarsu. Saboda haka da ku dattawa da membobi muke magana, gama izinin tafiya a hannunku yake, kuɗin mota ma a hannunku yake.

YADDA MA'AIKACINMU YAKE ZAUNE

A manyan majami'u na Jos ko Kaduna za a tarar da fastoci biyu ko uku suna raba aiki. Amma a ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙasar Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, har zuwa Maraɗi da Damagaram, mutum ɗaya ne ke riƙe da kome. Shi ne mai wa'azin Lahadi, shi ne malamin ajin baftisma da na yaƙi da jahilci. Idan mace ta kama naƙuda da tsakar dare, babur ɗinsa ake nema. Idan maganar filin majami'a ko na makabarta ta taso, shi ke zuwa gaban mai unguwa da dagaci. Idan aka tsare wani yaro a ofishin 'yan sanda, shi ke zuwa beli. Bayan duk wannan sai ya ɗauki fartanya ya nufi gona, domin abin da ake ba shi a wata ba ya riƙe gida.

Matarsa kuma ita ke bi da zumuntar mata, ita ke dafa wa baƙi abinci, ita ke karɓar kukan gwauraye da marayu, ba kuwa wanda ke lissafinta cikin masu albashi. Su biyun ba su da wanda za su buɗe wa ciki. Membobi suna kallonsu a matsayin iyaye, uba kuwa ba ya kuka a gaban 'ya'yansa. Abokin aiki mafi kusa wani lokaci sai an yi tafiyar rabin yini kafin a kai gare shi.

Shekarun nan sun ƙara wa kayan nauyi. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, fastoci da yawa suka zama 'yan gudun hijira tare da garkensu. A watan Janairu na 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi. A arewa maso yamma 'yan bindiga sun hana mutane gonakinsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin mota ya sa ziyarar da ma'aikata kan kai wa juna ta ragu. Mutumin da ya binne membobinsa, ya ta'azantar da iyalansu, ya koma ya hau bagade ranar Lahadi kamar babu abin da ya faru, yana ɗauke da rauni a ciki ko da bai faɗa ba.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

A cikin 1 Sarakuna sura 19 mun ga annabi Iliya bayan babbar nasarar da Allah ya ba shi a Dutsen Karmel. Yezebel ta aika masa da barazana, ya gudu zuwa jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mu lura da yadda Allah ya bi da shi. Da farko ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Da ya isa Horeb yana kukan cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Sa'an nan ya ba shi sabon umarni game da aikin da ke gabansa. Hutu, zumunta, da sabon shiri domin aiki: waɗannan uku su ne dukan abin da taron keɓewa yake nufi.

A Markus 6:30-32 kuma, manzanni sun dawo daga aikin da aka aike su, jama'a suna ta shiga da fita har ba su sami damar cin abinci ba. Yesu da kansa ne ya ce su ja jiki zuwa wurin da ba kowa su ɗan huta, suka shiga jirgi suka tafi. Ba su ne suka roƙa ba, Maigidan ne ya ga gajiyarsu ya yi magana. Haka ya kamata dattawa su zama: su riga ma'aikaci faɗi.

DARASI DAGA TARIHINMU

A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe biyu daga cikinsu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sāke dawowa a 1900, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. Sai a 1902 mishan ɗin da ya kafa, wato SIM, ya sami tasha ta fari a Patigi.

Waɗanda suka biyo baya sun koyi darasi daga waɗannan kaburbura. Suka tsara cewa bayan 'yan shekaru ma'aikaci zai koma ƙasarsu hutu. A 1914 kuma suka kafa gidan hutu a Miango, a ƙasar Irigwe kusa da Jos, inda tudu yake da sanyi, domin wanda zafi da zazzaɓi suka galabaitar ya je ya farfaɗo, ya ga 'yan'uwa, ya koma bakin aikinsa. Ba ragwaye ba ne waɗannan mutane. Sun gane cewa ma'aikacin da ya daɗe da rai da lafiya ya fi amfani ga bishara.

Da aka kafa ECWA a 1954, da tarayyar da muke kira TEKAN a yau a 1955, aiki ya riƙa komawa hannun 'yan ƙasa. Mun gaji majami'u da makarantu da asibitoci. Tsarin hutun ma'aikaci ma yana cikin gādon, kuma mai bishara da ke ƙauyen Maguzawa yana da rabo a ciki kamar yadda Bature yake da shi a dā.

ABUBUWA UKU DA TARON ZAI BAYAR

Na ɗaya, hutu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Taron da aka cika shi da jawabai daga asuba har ƙarfe goma na dare ya zama wani aiki ne dabam. A bar sa'o'i bayan abincin rana babu wani shiri. A bar mutane su yi barci. A ajiye wayoyi a wuri ɗaya, a ba dattawa lambar mutum guda saboda larura. A gayyato ma'aikacin jinya ya auna hawan jini da sukari, ya duba idanu, domin akwai masu bishara da ke fama da karatu a kan bagade alhali tabarau kaɗai suke bukata.

Na biyu, zumunta. Zumunta a ƙafa take, gaisuwar waya ba ta maye gurbin zama a tabarma ɗaya. A irin wannan zama ne saurayin da ya fito makarantar Littafi Mai Tsarki bara zai ji daga bakin tsoho yadda ake zama lafiya da maƙwabta Musulmi, yadda ake shiga gaban hakimi, da yadda ake riƙon sabon mai bi da danginsa suka kora. A nan ne matan ma'aikata za su zauna su kaɗai su faɗa wa juna abin da ba ya faɗuwa a gida. Amma akwai sharaɗi: abin da aka faɗa a wurin, a wurin zai tsaya. Kada a haɗa taron keɓewa da zaman ladabtarwa ko maganar canjin wurin aiki. Idan mutum ya san kukansa zai koma cikin fayil, bakinsa zai rufe.

Na uku, ƙarin sani. Manzo Bulus yana tsoho, yana kurkuku, amma a 2 Timoti 4:13 ya aika a kawo masa littattafansa tare da mayafinsa. Gemu ba ya hana ilimi. Yawancin ma'aikatanmu ba za su iya barin iyali su tafi TCNN a Bukuru ko JETS a Jos na shekaru ba, amma malami ɗaya daga irin waɗannan makarantu zai iya zuwa wurinsu na kwana biyu. A koyar da shirya wa'azi, da yadda za a bayyana kalmomin tsohuwar fassarar 1932 ga matasan da suka tashi da ta 1979. A koyar da rubuta kuɗin baiko da zakka a littafi, gama rashin rubutu ya ɓata sunan bayin Allah da ba su ci kwabo ba. A koyar da yadda ake neman takardar fili, da yadda ake sauraron wanda tashin hankali ya gigita.

Noma ma yana ciki. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya ƙarfafa manoma su daina tumɓuke kututturan itatuwa a gona, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su raina su. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta mayar da itatuwa gonaki masu ɗimbin yawa a Nijar. Mai bishara da ya koyo irin wannan ya koma da abin da zai amfani gidansa da dukan ƙauye, Kirista da Musulmi.

TAMBAYOYIN DA AKAN YI

Wani zai ce, to wa zai yi wa'azi ranar Lahadi? Dattawa ne. Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya ba shi shawara ya raba nauyin (Fitowa sura 18). Ikilisiyar da ba za ta iya yin sujada ɗaya ba sai da fasto, tana bukatar wannan Lahadin fiye da yadda shi yake bukatarta.

Wani zai ce, Shaiɗan ba ya hutu, don me bawan Allah zai huta? Ai ba Shaiɗan ne gurbinmu ba. Allah da ya yi sama da ƙasa ya huta a rana ta bakwai.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Gaskiya ne hannunmu gajere ne, kuma rashin tsaro a hanyoyi ya sa tafiya mai nisa ta zama abin tunani. Amma ba dole sai an je Miango ba. Makarantar Littafi Mai Tsarki da ke kusa, lokacin da ɗalibai suka tafi hutu, tana da ɗakuna da rijiya da inuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ikilisiyoyi goma za su ɗauka.

SHAWARWARI

1. Kowace gunduma ta tsayar da kwana uku ko huɗu a shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu, bayan an gama kaka da hidimar Kirsimeti, kafin shirin Ista da sharar gona.

2. A ranar godiyar kaka, kowane gida ya ware mudu ɗaya na hatsi ko wake da sunan wannan taro. Wani kashi a ci a wurin, wani a sayar a yi kuɗin mota.

3. A rubuta kuɗin taron cikin kasafin shekara, kada ya zama sai an bi mutane da roƙo, kada kuma a cire shi daga albashin ma'aikaci.

4. Ma'aikaci ya tafi tare da matarsa. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin yaran da dabbobin gidan har su dawo. A wurin taron kuma a nemi masu girki dabam, kada matan fastoci su ƙare a bakin murhu.

5. Kada a manta da masu bishara na ƙananan tashoshi, da malaman makarantar Lahadi da suka ba da kansu, da waɗanda rikici ya raba da wurin aikinsu. Su ne suka fi bukata, su ne kuma ba a cika jin muryarsu ba.

6. Idan ma'aikaci ya dawo, a ba shi lokaci a zaman dattawa ya faɗi abin da ya koyo, domin amfanin ya shiga ikilisiya.

'Yan'uwa, a wurare da dama da muke zaune, idan fasto ya kwanta ciwo ko ya karaya ya bar aiki, akan yi shekara ba a sami wanda zai yarda ya maye gurbinsa ba, garke kuwa ya watse. Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon kowane dattijo da ke nan, idan ya koma gida, ya sa wannan magana a zaman majalisa na gaba, a tsayar da rana, a faɗa wa ma'aikaci da matarsa su shirya.

Allah na salama ya sabunta ƙarfin bayinsa, ya tsare su a hanya da gida, ya ba mu zuciyar lura da waɗanda suke lura da rayukanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.