Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Jawabi A Kan 'Ya'yanmu Da Jarrabawar Kemistiri



An ba mu dama mu yi magana a kan wani abin kirki da wasu yaranmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka fara da kansu, wato zaman da suke yi da daddare suna bitar tambayoyin kemistiri na shekarun baya, wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba. Mu dai ba 'yan boko ba ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya, sai kuma lissafin kasuwa. Amma mun tambayi yaran, mun tambayi malamansu, abin da muka fahimta shi za mu faɗa maku.

Jama'a, tun shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo a nan Ibadan. Kakanninmu goro da shanu suka kawo su, kuma sun ci riba, alhamdu lillahi. A gabanmu aka buɗe Jami'ar Ibadan a 1948, aka buɗe babban asibitin koyarwa na UCH a 1957. To sai mu tambayi kanmu, a cikin likitoci da masu haɗa magani da ake yayewa a garin nan, namu nawa ne? Kowa ya san amsar a zuciyarsa. Tsohuwarmu in ba ta da lafiya, sau da yawa sai an nemo mata tafinta kafin ta faɗi inda ke yi mata ciwo. Kuma ƙofar wannan karatu ɗaya ce. Duk mai son likitanci ko haɗa magani, sai ya samu kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, bayoloji da kemistiri. In ya ci huɗu ya faɗi kemistiri, to shekara ta tafi, kuɗin rajista ma sun tafi.

Ya kamata mu iyaye mu san yadda jarrabawar take. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, kashi uku take raba kemistiri. Na farko tambayoyi 50 ne na zaɓin amsa, na biyu na dogon rubutu da lissafi, na uku kuma aikin hannu ne a ɗakin gwaje-gwaje, wanda yara ke kira firaktikal. Sakamako daga A1 yake farawa har zuwa F9, kuma kiredit ya tsaya ne a C6. Akwai kuma NECO da aka kafa a 1999, hedkwatarta na Minna. Sai JAMB ta shiga jami'a, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, tana ba da tambayoyi 40 a kemistiri. Darasin ɗaya ne, salon tambayar ne ke sauyawa. Shi ya sa tsofaffin tambayoyi suke da daraja, kamar yadda ɗan kasuwa ke duba cinikin bara ya san yadda na bana zai kasance.

To me ya sa muke cewa a yi bitar tare? Mu da muka yi makarantar allo mun san musaffa. Gardawa su zauna, wannan ya ja karatu, in ya yi tuntuɓe na kusa da shi ya gyara masa nan take, sannan wani ya karɓa. Mai karatu shi kaɗai yakan shekara yana maimaita kuskure bai sani ba. Kemistiri ma haka yake.

Bari mu kawo misali da abin da ya fi ba yara wahala, wato abin da suke kira mol. Wani yaro ya bayyana wa 'yan uwansa shi da harshen goro. Ya ce in aka ce ƙwarya ɗaya ta goro, kowa ya san goro 100 ke nan, manya ne ko ƙanana, sai dai ƙwaryar manya ta fi nauyi. Mol ma ƙidaya ce, illa yawanta ya wuce misali, wato 6.02 sau 10 mai ƙarfin 23. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishiri giram 58.5, na sodar sabulu giram 40. Ƙidaya ɗaya, nauyi daban-daban. Wallahi mu kanmu da muka ji haka mun gane. Malamin aji, wanda ba Bahaushe ba ne kuma bai san cinikin goro ba, ba zai kawo wannan misali ba, ba kuma laifinsa ba ne. Wannan shi ne amfanin farko na zaman: a fahimta da Hausa, a rubuta da Turanci.

Amfani na biyu shi ne kama kuskure tun kafin ranar jarrabawa. Ga irin tambayar da ake yi: giram nawa na sodar nan ake buƙata a haɗa ruwa mililita 250, mai ƙarfin mol 0.1 a kowace lita? Hanyar ita ce a fara mayar da mililita zuwa lita, a raba 250 da 1000, ya ba da 0.25. A ninka da 0.1, ya ba da mol 0.025. A ninka da 40, amsa giram 1. To yaro mai gaggawa sai ya manta da rabawar farko, ya samu giram 1000, kilo guda ke nan a cikin ruwan da bai wuce kofi ɗaya ba! In shi kaɗai ne sai ya ja layi ya wuce. In a cikin 'yan uwansa ne, wani zai ce masa, kai malam, ina kilo guda zai narke a kofi? An yi dariya, amma har abada ba zai sake mantawa ba. Gara a yi maka dariya a zaure da ka yi kuka ranar sakamako.

Amfani na uku, yara kan tuna wa juna cewa abin nan a gabanmu yake kullum. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Ewekoro ta jihar Ogun ana yin siminti, shi ne wanda ke fitowa a tambaya: in aka ƙona giram 100, giram 44 ya tashi iska, giram 56 ya saura. Kanwar da iyayenmu mata ke sa wa a wake da miyar kuɓewa, tana cikin abin da littafi ke kira alkali, ba alƙalin kotu ba fa. Tsamiya da lemon tsami kuwa asid ne. A jiƙa zoɓo a raba kofi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, za a ga ya ƙara ja. A zuba ruwan kanwa a ɗayan, za a ga ya yi duhu ya koma wajen kore. Wannan shi ne tushen gwajin da ake yi a firaktikal, inda ake ɗiga asid a kan alkali har launi ya juya, a rubuta yawan abin da aka ɗiga. Sai dai muna gargaɗi, iyakar gwajin gida ke nan. Kada wanda ya taɓa ruwan batir ko sodar sabulu da sunan karatu, suna ƙona fata, suna makantarwa. Wannan sai a makaranta a gaban malami.

Yanzu ga inda muke so ɗalibai su buɗe kunne. Taimako iri biyu ne. Akwai wanda zai nuna maka hanya, akwai wanda zai miƙo maka amsa. Na biyun nan ba masoyinka ba ne. Wanda ya saba kwafar amsa a zaure, shi ne zai nemi abin da ake kira ekspo ranar jarrabawa, ya kai kuɗin mahaifinsa ga 'yan damfara. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, hukumar kuma tana da ikon riƙe sakamako ko ta soke shi. Bayan wannan, mu baƙi ne a idon mutane komai daɗewarmu a garin nan. In aka kama ɗanmu ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi ɗan Sabo. Kuma ko an tsira, wanda ya ci kemistiri da sata ya zama mai haɗa magani, ran wa zai riƙe a hannunsa? Namu ne.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga masu zaman. Kada ku wuce biyar ko shida a rukuni ɗaya, in an yi yawa hira ce za ta ci lokacin. Kowa ya fara gwada tambayar shi kaɗai kafin a haɗu. Wanda ya samu amsa ya tashi ya nuna mataki-mataki, kuma a riƙa juyawa, kada a bar wa gwani ɗaya alli. Shi gwanin ma ya sani, mai koyarwa shi ya fi kowa ƙaruwa. Kada ku gaskata duk amsar da ke bayan littafin tsofaffin tambayoyi ko wadda aka turo a waya, akan samu kuskuren bugu. In kun saɓa, ku duba littafin Ababio da kuke da shi, in bai warware ba ku rubuta ku kai wa malaminku da safe. Sau ɗaya a mako ku ajiye agogo, ku amsa tambaya 50 cikin awa ɗaya ba mai magana. A ajiye waya a gefe har a tashi.

Mu kuma iyaye, namu ya fi sauƙi amma shi ne ginshiƙi. Abu uku ake nema gare mu: wuri, wuta da lokaci. Mai zaure ya ba da zaure, mai fitilar sola ya ba da aro, ƙungiya ta sayi allo da alli da littattafan tsofaffin tambayoyi, a ajiye su zama na kowa, 'yan bana su bar wa 'yan baɗi. Lokaci shi ne mai wuya, mun sani. Yaron nan shi ke tsare mana rumfa, yarinyar nan ita ke taya uwarta aiki. Amma watanni kaɗan ne kafin Mayu da Yuni. Mu ɗauke masu awa biyu a rana, mu lissafa shi a matsayin jari. 'Yan mata kuma a ba su nasu wuri a cikin gida da la'asar, wata uwa ta sa ido, domin likita mace tamu ita muka fi buƙata. Ba kowa ke da kuɗin lesin ba, amma wannan ba ya son kuɗi mai yawa.

Sai ku yayyensu da kuka riga kuka shiga jami'a ko foliteknik. Muna roƙon ku, in kun zo hutu ku ba ƙannenku ko da yamma ɗaya a mako, musamman a kan firaktikal, wanda shi ne littafi kaɗai ba ya koyarwa.

Kakanninmu da suka zo garin nan ba su zo da komai ba sai amana. Mai gida ya sauki baƙo, ya nuna masa kasuwa, ya tsaya masa, gobe shi ma ya sauki wani. Da haka Sabo ta kafu. Abin da yaran nan suka fara shi ne wannan, sai dai hajar ce ta sauya. Muna roƙon shugabanni kada a tashi taron nan sai an rubuta sunayen masu ba da zaure da fitila.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya buɗe masu basira, Ya ba su sa'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.